Yatsun Inuwa a Gabas

Baba, kai ne mai ba mutane misali. Yau ni zan ba ka, tunda ba ka nan balle ka katse ni.

Wani tsohon manomi ne, kullum aka sallame asuba sai ya zauna a kan kututturen ƙofar gida ya zuba wa gabas ido. Ya kira ɗansa, magidanci da gemunsa, ya ce, "Zo ka ga sama." Ɗan ya zo yana hamma, yana tsaki a ciki. Sama dai sama ce, jiya ita, yau ita! Ga aiki jibge a gona, a ce mutum ya tsaya kamar mai duban wata? Tsoho na bayani, shi hankalinsa na kan koko. Ana saura kwana kaɗan a cire gyaɗa, tsohon ya kwanta, bai tashi ba.

Ɗan ya cire gyaɗar shi kaɗai, ita ce abin da gidan zai dogara da shi har baɗi. Ran da zai shanya, ya fito ya tarar gabas ta yi ja kamar garwashi, amma jan a tsage yake. Dogayen inuwoyi sun taso daga ƙasa sun ratsa shi har tsakiyar sama, kamar an ware yatsu a gaban fitila. Ya san an taɓa nuna masa wannan. Ya tuna hannun da ya nuna, ya tuna tarin da tsohon ya yi, har hular kansa ya tuna. Maganar ce kawai babu. Rana ce ko ruwa? Ya hau soro ya duba, ko ɗigon gajimare bai gani ba. Haushi ya ishe shi, ya baza gyaɗar duka a kan soron, ya tafi cin kasuwa can wani gari. Sai da aradu ta tsaga la'asar sannan maganar ta dawo masa, da muryarta: "In ka ga yatsu, hadari ne a can baya ya tare rana tun ba ta fito ba. Kada ka yi shanya." Kwana biyu ana zuba ruwa. Gyaɗa ta tsira a kan soro.

Mutane na ta cewa ruwan ƙarshen damina ba ya sallama. Ya yi sallama, Baba. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna, cewa na ga yatsun.

Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.