Tubalin da Ya Ƙi Shiga Layi

Tunda ka ce duk lissafin da bai rabu daidai ba akwai lauje cikin naɗi, zauna ka ji abin da ya sami wani manomi. Mutumin nan zargi ya yi masa katutu, ko sannu ka yi masa sai ya tambayi dalili. Ɗakin mahaifiyarsa ya tsage, ga damina ta ƙarato, sai ya sa maginin garinsu ya yi masa tubali. Da tubalin ya bushe magini ya ce, "Dubu ne da tara, gobe in Allah ya kai mu sai mu aza harsashi." Manomi ya ce a dakata, sai ya ƙirga da hannunsa. Ya baje tubalin a fili ya jera bibbiyu, ɗaya ya ragu. Ya sake jerawa uku-uku, ɗaya ya ragu. Huɗu-huɗu, shida-shida, har tara-tara, kullum ga ɗaya a gefe. Da ya gwada biyar-biyar da goma-goma kuma, sai ya ga ɗaya ake nema layin ƙarshe ya cika. Ya ce wannan ɗayan da ke raguwa ba banza ba, asiri magini ya binne a ciki don a gine shi a bangon tsohuwa.

Ya ɗauki wanda ya ragu ya fasa, bai ga komai ba sai ƙasa da ciyawa. Ka ce zai ji kunya? Ina! Ya koma ya jera sauran, yanzu sun zama dubu da takwas, sai ga bibbiyu daidai, bakwai-bakwai daidai, tara-tara daidai. Ya ce ai ga shaida, ya cire mugun abu layi ya miƙe. Ya tari magini a bainar jama'a ya kira shi matsafi. Magini ya ce Allah ya isa, ya kwashe kayan aikinsa. Sauran magina suka ji labari, kowa ya ce ba da shi ba. Manomi na ta yawon roƙo ruwan farko ya sauko a kan tubalin da ya baje, ya mai da shi taɓo. Abin da ya fi ba ni takaici, tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ta yi damina a tsagaggen ɗaki tana tarar yoyo da ƙwarya.

Alhali dubu da tara tana cikin lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Haka take a hannun kowa, magini ko malami, ba wanda ya yi mata komai. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.