Ruwan Zabibin Kwana Uku

Sai da askarin hisba ya kai kofin baki tsohon ya lura da kumfar. Ruwan zabibin da yake sayarwa ya kwana uku a tulu, zafin Makka ya mayar da shi giya. Bulala tamanin, a wannan tsohon bayan! Ya yi sauri ya tura wa askarin dabino, ko zaƙi zai rufe tsamin.

Askarin ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar. Sannan ya sunkuyo, ya raɗa masa da Hausa:

"Baba, wannan ba ya tafiya da dabino, sai da cuku da zaitun. Shekara bakwai ina kukun Bature a Hartum. Zubar da shi kafin abokin aikina ya iso."