Rijiyar da Akawu Ya Rufe

Ka ce kalma ɗaya ce kawai ka yar a jimlar da ka fassara, me ya yi zafi? Zauna, Malam, ka ji abin da kalma ɗaya ta yi wa wani dillalin fatu.

Mutumin nan ya tsinci Turancinsa ne a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma yana ji da shi. Ya sayi gida a hannun wani tsohon akawu ɗan Saliyo da zai koma ƙasarsu. A bayan gidan akwai rijiya da aka toshe bakinta da siminti. Ranar ba da makulli dillali ya tambayi dalili. Tsohon ya kalli wurin, ya ce a hankali, "Let sleeping dogs lie." Karin magana ne na Turawa: ƙyale kare mai barci ya yi kwanciyarsa, wato kada ka tono abin da ya lafa. Amma kalmar farko, wadda ke nufin ƙyale, ta wuce kunnen dillali. Ta ƙarshe kuwa ma'ana biyu gare ta, kwanciya da ƙarya, shi kuma ƙarya kaɗai ya sani. Sai ya fassara wa matarsa cewa tsoho ya ce duk abin da ake faɗa kan rijiyar ƙarya ne. Ta ce, "Maigida, ga malamin makaranta a maƙwabta, a tambaye shi mana." Ya ce shi da ya yi ciniki da Turawa ba zai je gaban yaro neman fassara ba.

Ya kira magina suka fasa simintin da rana tsaka. Ruwa na nan, garai-garai, da sanyi kamar na randa. Sai dai maginin da ya fara leƙawa ya ja da baya, ya tattara kayan aikinsa ya fita ba sallama. Matar ta leƙa ita ma, maimakon fuskarta sai ta ga ƙeyarta a cikin ruwan. Ta hana 'ya'yanta sha. Shi kuwa ya sha, ya yi alwala, ya yi mata dariya.

Ba a jima ba ya daina fita kasuwa. Ya kan zauna a bakin rijiyar, can sai a ji ya ce "Na'am," alhali ba wanda ya kira shi. Wata ranar Laraba bayan azahar aka tarar da takalmansa a jere a wurin. Aka zura ƙugiya har ƙasa, ba ta kamo komai ba. Da matar ta koma ɗaki, sai ta iske tabarmarsa sharkaf da ruwa, da ɗumi kamar yanzu aka tashi daga kanta. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, ta ja 'ya'yanta suka bar gidan.

Sai a zaman makoki malamin makarantar ya ji maganar tsohon daga bakin wani magini da dillali ya maimaita wa ita ranar fasa simintin, ya faɗa musu yadda take da abin da take nufi. Matar ta rufe fuska da hannu biyu.

To, koma ka gyara jimlarka, Malam. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.