Sallau Bai Taɓa Yarda An Ci Shi Ba

Tun da aka kwashe samarin unguwarmu zuwa gonakin samar da lantarki daga hasken rana, na'urar kamfani ke amsa kiran duk ma'aikacin da ba a ba shi hutu ba, da muryarsa sak. Ni ba a ɗauke ni ba saboda ciwon ƙirji.

Na zuba wasannin da muka taso da su a tsohuwar kwamfutar yayana, na buɗe wa abokaina hanya su riƙa shiga daga can. Da mu shida ne. Yanzu Sallau kaɗai ke shigowa, ranar Juma'a bayan la'asar.

Yau ma ya shigo, muka sa wasan ƙwallo.

"Tanimu, kana nan kana cinye tuwon Inna?"

"Kai dai tsare gidanka."

Na zura masa uku. Na zauna ina jiran ya ce zufa ce ta jiƙa masa hannu, ko ya zagi alƙalin wasa. Shekara goma muna bugawa, bai taɓa yarda an ci shi ba.

"Ka fi ni yau," in ji shi. "Barka."

Muryarsa ce sak, sai na tuna da na'urar kamfani.

"Mu sake?"

Na ce mu sake.