Gwajin da Ya Faɗi da Gangan

Jazuli, ajiye takalman nan ka zauna. Mahaifiyarka ta gaya mini tun ranar da kuka yi karo da golan nan kake rufe taga da rana tsaka, wai haske yana sukar idonka, ga shi kuma kana shirin shiga fili gobe. Ni baffanka ban yi karatu mai nisa ba, tasi na tuƙa a Amurka har furfura ta cim mini. Amma zan ba ka misali da wani ɗan ƙwallo. Ba zan kira sunansa ba. Ɗana ne na fari, ko da yana raye bakina bai saba ba.

A can aka haife shi, a can ya tashi. Mai tsaron baya ne, dogo, duk ƙwallon da ta taso sama tasa ce. Sai dai sana'ar ba ta da tabbas a ƙasar. Ka kwana ɗan wannan kulob, ka wayi gari an yi musayarka da wani, sai a waya za ka ji. Ya fara da babban kulob, benci ya cinye masa shekara. Aka ba da aronsa ga wani ƙarami, daga nan aka tura shi wani gari mai ƙanƙara, daga can kuma wani. Akwatinsa kullum a ɗaure. Sai da ya doshi talatin ya samu kocin da ya ce masa, wannan gurbi naka ne. A benci kuwa ga masu jira ya yi tuntuɓe.

To, suna da wata al'ada. Kafin a fara kakar wasa, likitan kulob yakan gwada kan kowa yana lafiya lau. Ya karanta maka kalmomi ka maimaita, ya ba ka lambobi ka faɗo su daga baya, ka tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Wannan shi ne ma'auninka. Ranar da ka bugu a kai sai a sake gwajin. In ka kasa yin yadda ka yi da farko, ba ka ba fili sai ka warke. Tsofaffin 'yan wasa suka koya masa dabara: ka faɗi na farkon da gangan, ka manta abin da ba ka manta ba, don ranar da kanka ya juye kada a ga bambanci. Da bakinsa ya ba ni labari, yana dariya. Ya ce, "Baba, da ka gan ni ina tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Likita har tausayina ya ji." Na ce wannan wane irin wayo ne? Ya ce, "Wayon riƙe riga."

Kaka ta kusa ƙarewa, kwantiraginsa ma haka. Ina cikin 'yan kallo ranar da suka tashi sama shi da wani, kai ya haɗu da kai. Daga inda nake na ji ƙarar. Ya faɗi, ya miƙe, ya nufi ragar da ba tasu ba kafin abokinsa ya juyo da shi. Likita ya ja shi gefe. Kalmomi, ya manta rabi. Ƙafa ɗaya, ya yi tangaɗi, wannan karon ba da wasa ba. Likita ya gwama da na farko, ya ga daidai suke. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ya koma.

A satin ya zo gida. Ya sauke labule da rana. Uwarsa ta tuƙa masa tuwo, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon. Ya tambaye ni ina makullin motarsa, na nuna masa, kafin in kurɓi shayi ya sake tambaya, makullin yana hannunsa. Na ce masa ya zauna wasan Asabar mai zuwa, ya gaya wa likita gaskiya. Ya ce, "In na zauna sau ɗaya, wani zai shiga gurbina, kuma ba zai fita ba. Na gaji da ɗaure akwati, Baba."

Ranar Asabar ya shiga. Kowace ƙwallo ta taso sama, sai in kau da kai. Aka tafi hutu lafiya, na fara cewa ko tsorona ne kawai. Da aka dawo, aka bugo kwana, ya yi tsalle ya fitar da ita da kai. Kafaɗar wani ce ta shafe shi, shafa kawai. Jama'a suna tafi. Ya taka kaɗan, ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi. Ina jira ya tashi. Bai tashi ba.

A asibiti suka ce ƙwaƙwalwar ba ta warke daga bugun farko ba, na biyun ya same ta a kumbure. Likitan kulob ya zo ta'aziyya, yana ta faɗin gwaji bai nuna masa komai ba. Na ce na sani. Sati bai zagayo ba wani ya tsaya a gurbin. Rigar kuwa suka ninke suka ba ni. Tana cikin akwatin da kake zaune a kai.

Saboda haka miƙo takalman nan, su kwana a ɗakina. Ka je ka gaya wa kocinku haske yana sukar idonka. In ya ba wani gurbinka, ya ba shi, ka dawo mu ci tuwo. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.