Matar da ta Shanya Cefanen Mako

Kin ce tun da aka fara tari a unguwarku ko sallamar maƙwabta ba kya amsawa. Tsoro halak ne, 'yata, ni ma kin san ni. Amma ji misalin wata mata a lokacin kullen korona.

A garinsu ranar Laraba kaɗai ake buɗe kasuwa, daga hantsi zuwa azahar, sai kuma wani mako. Matar nan ta ɗaura takunkumi biyu, ta zura safar mijinta a hannu, ta je ta yo cefanen mako: garin masara, kuka, daddawa, busasshen kifi, tattasai da 'yar tsokar nama. Da ta dawo sai hankalinta ya ƙi kwanciya. Hannu nawa ne ya taɓa kayan nan? Tattasai dai ya sha wanka da sabulu. To, gari da kuka fa, ai ba sa wankuwa. Sai ta tuna an ce rana na kashe cutar. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta baje komai kamar mai shanyar kuɓewa, ta kora yara ɗaki ta ja ƙofa, ta wangale zaure don iska ta ratsa. Ita kuma ta shige wanka, tana cuɗa har bayan kunne.

Ashe awakin garin ba su ji sanarwar kulle ba. Wata akuya ta shigo da 'ya'yanta, suka kafa kai a gari da kuka. Kaji suka bi daddawa, kyanwa ta yi gaba da kifi, shirwa ta sure nama. Yara na leƙe ta taga suna ihu, ita kuwa daga banɗaki sai cewa take, "Duk wanda ya fito sai na zane shi!" Ko da ta fito, tabarma fes, sai tattasai mai ƙamshin sabulu. Mijin ya dawo daga gona, ya duba, ya ce, "Alhamdulillahi, cutar ma in ta zo gidan nan yunwa za ta kashe ta." Har Laraba ta zagayo, tuwon wata maƙwabciya da matar nan ta hana ta shigowa gidan suka ci, a kwanon da ba ta da bakin tambayar wa ya wanke.

Ki kiyaye, 'yata, amma da hankali. Garin neman ƙiba akan samo rama.