Amsar Mai Lamba Tara

"Karanto mana amsar mai lamba tara," in ji farfesan da ke koya musu bincike kan masu fama da giya. An goge sunayen mutanen, lamba kawai aka bari.

Ɗalibar da ya nuna ta miƙe da takardar. Tambayar ita ce: me ya mayar da kai sha?

"Wata bakwai ban kurɓa ba. Ran nan ƙanwata ta ce in hura mata bakina a gaban 'ya'yana. Na hura, ba ta ji warin komai ba, sai ta ce ai kanumfari na tauna. A ranar na koma."

Ɗalibar ta sauke takardar.

"Ci gaba mana," in ji farfesa.

Ina! Ita ce ƙanwar. Har dariya ta yi ranar da ta faɗa wa Yaya maganar kanumfarin nan.